Ruɓaɓɓen Iccen da Na Ba Ƙanena

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Ɗanlami, gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah ya sa jirgin ƙasa ya sauke ka Kaduna lafiya, kai da akwatinka, ba ciwon kai, ba ɓatan hanya. Allah ya tsare ka a makwancinka da wurin aikinka, ya haɗa ka da malamai masu tausayi da abokan zama na kirki. Innarka na ba wannan takarda ta sa maka a ƙasan akwati, don na san abin da ke cikinta ba zan iya faɗa maka shi ido na ganin ido ba.

Ba zan ce maka ka riƙe salla ka guji caca ba. Wannan innarka ta faɗa maka har ta gaji, kuma ba ka taɓa ba mu kunya a nan ba. Ciwona zan gaya maka. Makarantar koyon sana'a za ka shiga, inda za a jera ku a benci ɗaya, malami ya bi yana duba aiki, ya ɗaga na wani sama ya ce kowa ya gani, ya wuce naka bai ce komai ba. Ranar da haka ta faru, wani abu zai tokare ka a ƙirji. Na san abin nan sani na ƙwarai, don shekara goma ina kiwonsa kamar ɗan akuya. Hassada ce. Ga yadda ta yi da ni.

Ka san mu mutanen Furfuri ne, masassaƙa tun kaka da kakanni. Turmi da akushi da kotar fartanya, su muka gada. Da kakanka ya rasu, lokacin sojoji na ta dawowa daga yaƙin Turawa a ƙasar Bama, na kwaso innarka da kai muka dawo Gusau, na taho da ƙanena Isa, baffanka. Na girme shi da shekara goma sha ɗaya. Ni na riƙa masa gizago ranar da ya fara sara.

A Sabon Gari na gamu da Baba Ojo. Ai kana tuna shi, tsohon nan mai tabarau ɗaure da zare. Mutumin Kudu ne, Kirista, kafinta. Ya yi aiki a layin dogo har ƙarfi ya ja baya, sannan ya kafa rumfarsa. A rumfar nan na fara ganin keken sassaƙa. Shi ya haɗa abinsa da ƙafar tsohon keken ɗinki da wilin basukur da igiyar fata. A maƙale icce tsakanin tsinin ƙarfe biyu, a taka da ƙafa, iccen ya riƙa juyawa, kai kuwa ka kanga masa kurfi, ɓawo na tashi kamar ana feƙe rake. Ƙafafun tebur yake yi da shi. Guntayen da suka rage kuma ya fitar da kotar alƙalami, a huda bakinta a cusa ɗan bakin ƙarfen nan da ake saya a kanti. Malaman zaure suna da alƙalaminsu na kara, amma akawuna da malaman elementare da ma'aikatan En'e duk na ƙarfe suke tsomawa a tawada, kotar da ke zuwa daga Turai kuwa ba ta da ƙarko.

Ni na fara zuwa. Ka riƙe wannan, don shi na riƙa faɗa wa kaina shekara da shekaru, kamar wata hujja ce. Ni na durƙusa na roƙi tsohon, ni na yi wata shida ina share masa rumfa ina koyo. Isa kuwa na kawo shi ne kawai ya riƙa taka mini keken, ƙafata ta huta. Wata rana da hantsi Baba Ojo ya ce masa ya gwada. Ba a yi kwana goma ba ya fitar da kota. Tsohon ya karɓa, ya ɗaga ta ya kanne ido ɗaya, sannan ya gangara ta a kan tebur. Ta tafi sumul har bakin tebur, ko girgiza ba ta yi ba. Ya kira ni da Hausarsa ta mutanen Kudu.

"Garba, zo ka gani. Wannan yaro, hannu nasa yana da ido."

Na ce, "Madalla, Baba."

Bakina ne ya faɗa. Wata shida ina wurin, bai taɓa ce wa hannuna komai ba. Na koma bakin aikina kunnena na zafi, na ji kamar an kwance mini zani a kasuwa, alhali ba wanda ya taɓa ni.

Zafin nan ba shi ne laifina ba, Ɗanlami. Kowane ɗan Adam yana jinsa, kai ma za ka ji. Laifina shi ne na haɗiye shi na rufe da murmushi. Da na je wurin Isa a ranar na ce, "Kai, wallahi ka ba ni haushi, nuna mini yadda kake yi," da mun yi dariya, da ta mutu nan take. Girman kai ya hana ni. Ina wa, in tambayi ƙane? To kai in abin ya same ka, kada ka bari rana ta faɗi ba ka je wurin wanda aka yaba ba. Ka tambaye shi da bakinka, a gaban mutane in ta kama. Kunyar tambaya ta yini ɗaya ce.

Kuskure na biyu a kan icce ne. Mu ba ma sayen icce. In damina ta ja baya, gulbi kan bar rassa da saiwoyi birjik a gaɓarsa wajen Bungudu, sai in hau basukur in je in tsinto, in ɗauro. Ni ne babba, ni ke rabo. Sai na shiga ware wa kaina giyayya da aduwa masu ƙwari, Isa kuwa in tura masa iccen ɗanya da na dashi masu taushi, da rassan da suka daɗe kwance cikin laka, waɗanda in ka danna farce sai ya nutse. Ka san halin icce mai taushi a kan keke. Kurfi na taɓa shi sai ya yage, ya yi gashi-gashi, ko ya dare biyu kamar dafaffen rogo. Sati uku Isa bai fitar da kota ko ɗaya ba. Baba Ojo ya fara yi masa faɗa, yana cewa yabo ya lalata shi. Ba zan ɓoye maka ba, a cikin satin nan uku na fi cin tuwo.

Ran nan ya same ni ina washin kurfi, ya tsuguna.

"Yaya, iccen ga ya cika taushi."

Na ce, "Mai hannu da ido ai ba ya zaɓen icce."

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya tashi. Ni na yi masa baƙar magana, shi kuwa ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa nake yi.

Ka ji abin da ya yi. Ya kwashe ruɓaɓɓun rassan nan ya jera su a inuwa ƙarƙashin rumbu har suka bushe a hankali. Ya jiƙa ƙaro ya yi ruwa-ruwa, ya tsoma su kwana uku, ya sake shanya su. Ya wasa kurfinsa har yana aske gashin hannu. Da ya hau keke bai danna ba, shafa kawai yake yi, yana ɗebe ɓawo siriri kamar na albasa. Ya goge da ganyen baure mai kaushi, ya kanga kakin zuma iccen na juyawa har ya narke ya shige. Ina tsaye ina kallo ta wutsiyar ido. Ashe inda ruwa da laka suka ci iccen sun bar masa zane baƙi-baƙi a ciki, ya bi jiki yana lanƙwasa kamar zanen lalle, kowace kota da irin nata. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ya fito daga rumfar nan ba, kuma ni na tsinto iccen da hannuna don in kunyata shi.

Wani akawun ma'aunin auduga ne ya fara tsayawa ya saya. Kafin wata ya mutu, duk wanda ya zo sai ya ce "mai zane" yake so. Nawa suna nan jere a faifai, masu ƙwari, madaidaita, ba mai ɗagawa. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, in an yabi Isa sai ya nuna ni ya ce, "Yaya ne ya san icce, shi ke zaɓo mini." Kuma da zuciya ɗaya yake faɗa.

Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ana faɗar haka ne don a sanyaya ran wanda aka yi wa. Ba wanda ke ba da labarin mai dakon takin, wanda shi ke yawo da warin a jikinsa. Duk ramin da ka gina wa abokin aikinka, kana iya tarar da rijiya ka haƙa masa, kai kuma ka zauna da ƙishirwa. Kuma ta wajen sana'a ma ka riƙe wannan: kada ka raina iccen da aka yar. In icce mai taushi ya yage maka, kafin ka zage shi ka duba bakin kurfinka.

Na yi ta gwada irin nasa a ɓoye a bayan gida, nawa na rugujewa. Sai bayan shekaru na gane ƙaron nawa kauri yake yi, yana tsayawa a baya, ba ya ratsa ciki. Magana ce wadda Isa zai faɗa mini kafin a sha ruwa a ajiye moɗa.

Na uku shi ne mai nauyin. Da aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci a garuruwa, akwai wani Malam Audu da ke zagayen duba su a ƙasar Tsafe. Ya ga kotar Isa a hannun wani, ya yi sha'awa, ya ce irinta yake so a riƙa ba duk dattijon da ya ci jarrabawa, ya tafi gida da abin tunawa. Da aikin nan ya shiga hannun baffanka, da sunansa ya kai ko'ina. Malam Audu ya zo rumfa ranar Lahadi. Baba Ojo yana coci, Isa ya tafi Bungudu tsintar icce, don a lokacin ya fara zuwa da kansa. Ni kaɗai ya tarar. Na shimfiɗa masa tabarma, ya faɗi abin da ya kawo shi. Na yi ajiyar zuciya irin ta mai jin nauyin magana.

Na ce, "Malam, gaskiya ɗaya ce. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba zan cuce ka ba. Zanen nan da kake gani ruɓa ce. Akwai ƙwaro a ciki. In ka sa ta a akwatin littattafai, kafin damina ta zagayo sai ka tarar da gari."

Ya zaro ido. "Subhanallahi! To ina mafita?"

Na jawo faifaina.

Ya saya, ya yi mini godiya, har ya ce samun mai gaskiya irina sai an tona. Na ɗauka maganar za ta tsaya tsakaninmu. Ina! Shi mutumin kirki ne, sai ya shiga gargaɗin abokansa. Daga Tsafe ta dawo Gusau, ta shiga ofisoshi. Masu kota mai zane suka riƙa jefa su a murhu. Wani malamin elementare ya dawo da tasa a naɗe cikin ganye, yana riƙe da ita nesa da jikinsa kamar mushen ɓera. Isa ya rasa inda abin ya fito. Ya riƙa fasa kotocinsa a gaban mutane yana nuna musu ciki, ba ƙwaro ba alamarsa, amma wa zai tsaya ya duba? Har ya je kasuwar Tsafe, a can wani ya gaya masa daga bakin wa aka ji.

Ya dawo ya same ni a kan keke. Ya tsaya a gabana, ƙurar hanya har gwiwa.

"Yaya, an ce kai ka faɗa."

Ban daina takawa ba. Na ce, "Abin da na gani na faɗa."

"Ka ga ƙwaron?"

Na ci gaba da takawa.

"Yaya, da idonka ka gan shi?"

Ƙarar keken kaɗai ake ji. Ya jira ni har iccen da nake yi ya sirance ya karye, don na manta kurfi na kansa. Sai ya juya, ya naɗe kurfinsa a tsumma, ya ajiye gaban Baba Ojo, ya durƙusa ya yi masa sallama. Kwana biyu bayan nan ya ɗauki matarsa suka koma Kucheri, garin surukansa, ya kama noma. Ka tambaye ni a lokacin ina Baffa ya tafi, na ce maka zaman birni ne bai karɓe shi ba.

Baba Ojo bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya cire tabaransa ya goge, ya ce, "Garba, kai ma hannu naka yana da kyau. Amma ba ka taɓa duba shi ba. Kullum na Isa kake duba."

Ka ga yabon da na yi shekara uku ina jira, ga ranar da ya zo.

Ɗana, ka ji tsoron bakinka ranar da zuciyarka ke ciwo. Mai hassada ba ya cewa "ina ƙin wane." Cewa yake yi "gaskiya ɗaya ce," ko "ba don komai ba," ko "ni dai tausayinka nake ji." Duk ranar da ka ji ɗaya daga cikin waɗannan na shirin fita daga bakinka a kan wanda ya fi ka aiki, ka tashi ka bar wurin, ko da ana tsakiyar cin abinci ne. Aiki in ya ɓaci ana sake wani. Sunan mutum in ka ɓata shi, ko kai da ka ɓata ba ka da ikon gyarawa.

Bayan shekara biyu tsufa ya kama Baba Ojo, 'ya'yansa suka aiko ya koma gida. Ranar da yake rabon kayansa ya ba ni zartunansa da magagari da teburin aiki. Sannan ya dafa keken.

"Wannan na Isa ne. Kai za ka kai masa, da kanka. In ka kai, za ku yi magana."

Na ce, "To, Baba."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Na raka shi tasha, na ɗora masa kaya, jirgi ya tashi. Na dawo na sa aka ɗauki keken aka kai zaurenmu, na gaya wa kowa tsohon ni ya bar wa. Na ce wa raina sai bayan kaka zan kai, kaka ta wuce na ce sai hanya ta yi kyau. Gaskiyar ita ce ba na iya jure tunanin ya sake hawa keken nan ya fitar da abin da ba zan iya ba. Shekara biyar ke nan. Keken da ka koyi aiki a kansa, wanda kake shafa wa man gyaɗa kowace Jumma'a kana alfahari da shi, kayan amana ne ubanka ya danne. In an ba ka saƙo ka kai, ka kai shi a ranar. Amana in ta kwana a ɗakinka sau ɗaya, gobe sai ta fara kama da kayanka.

Saura wanda ya shafe ka, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami.

Kana shekara goma sha huɗu ka fara hawa keken. Na tsaya a bayanka, sai na ga yadda ka kwantar da kurfi, ka sa ɗan yatsa a ƙarƙashinsa, kana shafa iccen ba ka dannawa. Riƙon Isa ne sak, kuma ba wanda ya koya maka. Uban kirki da hamdala zai yi. Ni kuwa tsohon abin nan na ji ya motsa a ƙirjina, ya miƙe, kamar dama barci yake yi.

Kana tuna bara, da ka tsinto saiwar ceɗiya a gaɓar gulbi, ka yi sati biyu kana fama da ita, ka kawo mini kotar da hannu biyu? Na gangara ta a kan tebur. Ta tafi sumul. Na juya ta ina neman aibu, ban samu ba. Sai na ce maka wutsiyarta ta yi kauri, na jefa ta cikin ɓawon sassaƙa. Ka juya ka fita. Innarka tana bakin ƙofa da ƙwaryar fura, ta ga komai.

Ta ce, "Malam, ɗanka ne fa."

Na ce, "Koya masa nake yi."

Ta ce, "A'a. Na taɓa ganin irin koyarwar nan." Ta ajiye furar ta koma ciki.

Wutsiyar ba ta yi kauri ba, Ɗanlami. Da ka fita na tone ta daga cikin ɓawon na ɓoye a aljihu, da ita nake rubuta maka wannan. Haka kuma ranar da takardar makarantarka ta zo, maƙwabta na shigowa barka, abin da ya fara zo mini a rai shi ne, ni wa ya taɓa kai ni Kaduna? A ranar na tsorata da kaina. Na ce mutumin da ya kai ga jin zafin arzikin ɗan cikinsa, me ya rage masa?

Shi ya sa ka ga keken ya ɓace daga zaure satin da ya wuce, na ce maka gyara na kai shi. Mota na sa shi zuwa Tsafe ranar kasuwa, daga can na samu jaki zuwa Kucheri. Na tarar da baffanka a gona yana cirar gyaɗa. Ya yi furfura a gemu, shi da na girma da shekara goma sha ɗaya. Hannun nan duk ya faffashe, yatsun sun yi kauri kamar saiwa. Muka gaisa kamar baƙi. Muka koma gida, aka sauke keken a ƙofar zaurensa, na faɗa masa komai tun daga rabon icce. Yana zaune yana sauraro, yana murza ɓawon gyaɗa.

Da na kai kan keken sai ya ce, "Wannan na sani, Yaya. Baba Ojo ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direba tun shekarar da ya tafi."

Na ce, "To mi ya hana ka zuwa ka karɓa?"

"Na yi niyya. Sai na ji Ɗanlami ya fara koyo a kansa."

Ka ji fa. Shekara biyar ina ganin na yi masa wayo, ashe shi ya bar maka. Kuma don ka san ciwon nan ba ya jin kunya, a zaune a wurin, idona na kawo ruwa, sai da na ji wani ɗan zafi cewa ko a haƙuri ma ya fi ni.

Na roƙe shi gafara. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗar daga hannunsa. Can ya ce, "Keke na yafe. Icce ma na yafe, ai alheri ya zame mini. Maganar ƙwaro kuwa, Yaya, ka ba ni lokaci. Har yau in na shiga kasuwar Tsafe akwai masu kirana Isa mai ƙwaro. 'Ya'yana sun tashi da sunan. Ka je wurin Malam Audu ka gaya masa da bakin da ka faɗi ta farko."

Washegari na je. Na sami Malam Audu a ƙofar gidansa a Tsafe, ya yi ƙiba, an ƙara masa girma a wurin aiki. Na durƙusa na ce masa shekara bakwai da suka wuce na yi masa ƙarya a kan ƙanena. Ya dube ni, ya yi ta tunani.

"Kota? Wace kota ke nan?"

Na tuna masa rumfar Sabon Gari, da ƙwaro, da akwatin littattafai.

Ya ce, "Af! Kamar an yi haka. Allah ya yafe mana baki ɗaya, Malam, ai ya wuce." Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wani siririn abu ya nuna mini. "Ka ga wanda muke yayi yanzu. Biro sunansa, tawadarsa a cikinsa take, ba tsomawa. Nan da 'yan shekaru ba mai neman kota."

Na fito na tsaya a bakin hanya ina jiran mota. Abin da na raba ɗan'uwana da sana'arsa a kansa, na raba ka da baffanka, na ci amanar tsoho, wanda na yi wa ƙaryar ko tunawa ba ya yi. Na shiga kasuwa na faɗa wa waɗanda na sani a rumfar masassaƙa cewa maganar ƙwaro ƙaryata ce, wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka yi dariya. Ko sunan nan na mai ƙwaro zai bar baffanka, Allah kaɗai ya sani.

To ka ji. Ba zan ce maka na warke ba, don ƙarya ta ishe ni haka. Abin da na iya yanzu shi ne in ya motsa in kira shi da sunansa. Kai ma haka za ka yi. A can za ka tarar da waɗanda suka fi ka, ka matsa kusa da su. Za ka tarar da waɗanda ka fi, ka lura da idonsu, kada ka yi musu fariya, don ka san daga gidanku abin da ke cin mai kallo. In ka samu hutu, kafin ka iso Gusau ka sauka Tsafe ka je Kucheri ka gai da baffanka. Kai ba ka yi masa komai ba, kuma ya tambaye ni kai har sau uku.

Abu na ƙarshe, wanda ya kamata ka ji daga bakina tun shekara huɗu da suka wuce. Hannunka ya fi nawa, nesa ba kusa ba. Ina rubutawa yana yi mini zafi, amma ga shi na rubuta da tawada, ba ya gogewa. Ka yafe wa ubanka.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare ka daga sharrin mai hassada, na nesa da na kusa, ya tsare zuciyarka kada ka zama shi. Allah ya kiyaye yatsunka daga bakin ƙarfe, ya ba ka lafiya da basira, ya sa abin da za ka koyo ya amfane ka ya amfani jama'a. Yadda ka fita lafiya, Allah ya maido mana da kai lafiya, ya sa ka tarar da mu da rai. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka gai da malamanka da masu masaukinka.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Garba masassaƙi, Gusau.